Ramin Ɗiyar Mai Amalanke

Ni mai saurin hannu ce tun ina ƙarama. Uwata, Allah ya ji ƙanta, takan ce hannuna ya riga hankalina fitowa duniya. Na mari ƙannena, na mari ƴan lakol, wato ƴan makaranta, ba adadi, na taɓa marin wani ɗan kamasho a tashar Gazawa don ya take mini kaya yana dariya. Duk waɗannan ban yi nadamarsu ba, in ma na yi ba ta kwana. Mari ɗaya ne ya biyo ni har tsufa, kuma shi zan faɗa.

Daminar da ta biyo bayan babban taron ƙasa ce. Jam'iyyu sun fito ko'ina, kowane gari ka shiga sai ka ga tuta iri uku, wa da ƙane sun daina cin tuwo a akushi ɗaya. Lakol kuwa yau a buɗe, gobe yajin aiki. Ina koyarwa a jardan, ajin ƙananan yara, sai buro, ofishinmu na ilimi, ya ɗauke ni ya ba ni wani aikin. A ƙauyukanmu mata kan tafi gamana, gonakinsu na kansu, tun hantsi sai la'asar, don haka suka kakkafa rumfunan reno inda suke barin yaran da aka yaye a hannun mata biyu. Aikina in zagaya rumfunan nan in koya wa masu renon yadda za su karɓi yaran da ake ɓoyewa a ɗaka: kurame, guragu, masu farfaɗiya. Horon sati biyu aka ba ni a Maraɗi, da kaye, littafin rubutu, cike da zane-zane. Na dawo ina jin daga Agye har Gidan Rumji babu wanda ya kai ni sani.

Akwai wani ƙauye kudu da Gazawa, dab da iyaka. Motar kasuwa kan sauke ni a bakin hanya, in hau amalanken shanu ya ƙarasa da ni. Mai amalanken wani dogon mutum ne mara magana, bulalarsa ta fatar raƙumi ba ta hutawa. Bijimansa biyu duk bayansu shatar duka ne, sabo a kan tsoho. Ran farko na ce masa, "Malam, ai dabba ma tana da hakki." Ko waiwaye bai yi ba, ya ƙara zabga wa na hagun.

Rumfar tana gefen kasuwa, kusa da gawon da ake ɗaure amalanke. Masu renon biyu ne. Ɗaya mai shiru-shiru ce, kullum da goyo a bayanta. Ɗayar kuwa tsohuwar ungozoma ce, ita ta yanke cibiyar rabin garin, kowa Inna yake ce mata, ni ma na bi sahu. Na iske ta tana tsula wa wani yaro tsumagiyar sabara a ƙwauri don ya zubar da kunu, har wurin ya tashi. Ko sallama ban gama ba na fizge tsumagiyar na karya ta a gwiwata. Ta dube ni sama da ƙasa, ta zaga bayan danga ta yanko wata.

"Daji bai ƙare ba, Madam," in ji ta.

Haka muka fara, ni da ita. Ina koya mata waƙa da wasan tafa hannu tana tauna goro tana kallona. Na ce a nemo mini yaran da ba a fito da su, ta yi kamar ba ta ji ba. Mai goyon ce ta raɗa mini cewa mai amalanken da ke kawo ni yana da ɗiya ƴar shekara huɗu da ba ta taɓa zama ba.

Na je gidan da rana tsaka, uwar tana gona. An saki asabari a ƙofar ɗakin, an tokare shi da turmi saboda awaki. Na ture turmin na shiga. Yarinyar tana kwance a tabarma cikin duhu, jikinta laƙwas, bayanta duk gyambon kwanciya. Ɗan yatsan ƙafarta ɗaya an naɗe shi da tsumma, na kwance na ga ɓera ne ya ci. Ba ta yi kuka ba. Idanunta ne kawai suka biyo ni, manya, tas da su. Can wasu yara suka wuce bayan danga suna ihu, sai na ga bakinta ya buɗe tana dariya ba sauti, tana ƙoƙarin juya wuya wajen muryar. Na fito na zauna a kan turmin nan na yi kuka, haushi ya cika ni.

Da na nemi a kawo ta rumfa, uban ya ƙi. "Ɗiyata ba abin kallo ba ce," ya ce. Ashe ya taɓa fasa wa wani mutum kai da turken shanu a kasuwa don ya ce mata ɗiyar ruwa, wai ta aljanu ce, har aka kai shi wurin jandarma ya kwana biyu. Ba ƙinta yake ba, sonta ne ya sa ya rufe ta. Sau uku ina komawa, ina bin sa har rijiya yana shayar da shanu. A na ukun ya ajiye guga ya dube ni.

"Madam, amana na ba ki. In na ga ko ƙwarzane a jikinta, ni da ke ne. In kuwa na maida ta ɗaka, ba ta sake fitowa sai ran da za a fid da ita."

Na ce na ji, na kuma ɗauka.

Ran da uwar ta goyo ta zuwa rumfa, kamar an watsa wa matan garin barkono. Suka taru da fartanyu a kafaɗa, wai miyaun da ke dalala daga bakinta zai shafi ƴaƴansu. Wata ƙatuwa ta sa ƙafa ta ture tabarmar da aka kwantar da ita. Ni kuwa me zan jira? Na cakume ta, ta tuge mini kallabi, ta gantsara mini cizo a dantse, muka zube cikin rairayi muna birgima yara na ihu. Inna ce ta raba mu, da tsumagiyar nan tata, ta zane mu duka biyu ba zaɓe, ni Madam ɗin buro har da shata a wuya. Sannan ta tsuguna ta ɗebi kunu a ludayi ta ba yarinyar, rabi ya shiga rabi ya dawo da miyau, ta ɗaga ludayin ta shanye sauran a gabansu.

"Ni na yanke cibiyarta, ni na yanke ta naku, aska guda ce," ta ce. "Wadda ke tsoro ta kwashi nata ta tafi da su gona."

Babu wadda ta kwashi nata. Suka watse suna gunaguni.

Sati biyu yarinyar tana kwance a gefe, yara na tsallake ta, ƙasa na zuba mata a ido. A kayena akwai zanen wata kujera mai jingina da madauri, na kai wa kafinta a Gazawa, shi kuwa ya shagala da bencinan mitin na ƴan siyasa, kullum sai ya ce jibi. Wata safiya ina nuna wa Inna zanen a karo na ba adadi, ta tofar da goro, ta ɗauki sakaina ta shiga tonon rairayi a tsakiyar rumfar. Ta auna zurfin da taƙin hannunta, guda tak. Ta shimfiɗa tsohon zane, ta zaunar da yarinyar a ciki, ƙafafun a waje, ta tattaro ƙasa ta tokare kwankwason. Sannan ta jawo kujerarta ƴar tsugunno ta zauna a bayanta, ta jingina mata ƙwaurinta.

"Haka ake koya wa jinjiri zama tun kafin a haifi mai zanen naki," ta ce.

Yarinyar ta zauna. Kanta ya yi rangaji, ya tsaya. Karo na farko a rayuwarta ta ga mutane ta fuska, ba ta ƙasan haɓa ba. Wani yaro ya mirgino mata ƙwallon tsumma ya bugi cikinta, ta saki wata dariya mai ƙara, irin wadda uwarta ta ce ba ta taɓa ji ba. Da la'asar uban ya zo wucewa da lodin itace. Ya tsayar da shanun, ya daɗe yana kallo daga kan amalanken. Ran nan dai ban ji ƙarar bulalarsa ba har ya sha kwana.

Da na bar abin a haka, da yau ba ni da labari. To, amma ni ce mai horo, dole in gyara. Ramin Inna yana cin mutum guda: muddin yarinyar na zaune, Inna na dashe a bayanta, yara ashirin kuma a kan mai goyo ita kaɗai. Rannan Inna ta tashi raba faɗa, yarinyar ta kife, leɓenta ya fashe. Na tuna maganar uban. Na ce a zurfafa ramin, a zura ƙafafun ciki, ƙasa ta kai mata har hammata, a yayyafa ruwa a danne, yadda ko babu kowa ba za ta faɗi ba.

"Wanga ba zama ba ne, Madam, dashe ne," in ji Inna. "Yaro ana ajiye shi inda za a iya sure shi."

"Inna, ni aka aiko in koya miki ko ke aka aiko ki koya mini?"

"Ni dai ba ni haƙa shi."

Na ce mata in ba ta bi ba zan rubuta a rapor, rahoton aikina, cewa ta ƙi horo, buro ya sa a canza ta. Ƙarya nake, buro bai ma san da ita ba, amma ta ja gefe. Na karɓi sakainar na haƙa da hannuna, ya wuce kamu, hannuna ya nutse har sama da gwiwa. Na zura yarinyar, na cika da ɗanyar ƙasa, na bi gefe-gefe ina dannawa da diddige. Ta tsaya ƙyam, hannuwanta a sake a kan ƙasa tana wasa. Na ji daɗi ƙwarai. Kowace safiya haka ake sa ta, da azahar a tone ta a ba ta abinci a wanke ta, a mayar. Na kai dabarar rumfunan wajen Cadakori da Gidan Sori, ina cewa tawa ce, ban ko ambaci Inna ba.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwar garin ce, kuma jam'iyyu biyu suka sa mitin rana ɗaya, kowa ya ƙi janyewa. Ni ban sani ba. Na taso daga Gazawa a bayan moto, wato babur, bayan azahar, muna dab da garin muka fara gamuwa da mutane a guje. Wata mata da tallan fura ta zube a kanta. Wani dattijo ya dafe goshi jini na bi ta tsakanin yatsunsa. Hayaƙi ya tashi daga wajen rumfunan kasuwa. Mai moton ya ce ba ya ƙara ko taku ɗaya, na dira na cire takalmi na sheƙa.

Daga baya na ji yadda aka fara. Makaɗan ɓangare ɗaya suka yi wa ɗan takarar ɗayan zambo, aka jefo dutse, sai gora da gatari suka fito. Wani ya cinna wa rumfar mahauta wuta. Shanun da ke ɗaure gindin gawo suka firgita, suka tsinke igiya da amalanke a bayansu, suka bi ta inda suka ga fili. Filin kuwa rumfar reno ce.

Abin da na tarar shi ne danga a kwance, rabin rumfar ya rufta, ƙoren kunu a farfashe, takalman yara a warwatse. A tsakiya ga yarinyar a cikin raminta, ita kaɗai, kanta ya langaɓe gefe, jini ya rufe mata fuska da gashi, bakinta cike da ƙasa. Ba ta motsi. Taku uku daga nan Inna na zaune ta jingina da dirka, babu kallabi, tana kallonta kawai.

Ban tambaya ba. A raina na gama yanke cewa ta gudu ta bar ta, yanzu ta dawo. Na isa gabanta na ɗauke ta da mari, na ƙara mata wani da bayan hannu, har kanta ya bugi dirkar.

"Kin gudu kin bar ta, tsohuwar banza. Amanar da aka ba mu ke nan?"

Ba ta kare fuskarta ba. Sai a lokacin na ga dalili. Hannunta na dama yana kan cinyarta, ya lanƙwashe a inda babu gaɓa, ƙashi ya huda fata ya fito fari. Na hagun kuwa faratan duk sun ɓaɓɓalle, yatsun jini da ƙasa. Bayan rigarta a yage, da shatar kofato. Na juya na dubi ramin, sai na ga gefensa duk sawun yatsu ne, an yi ta yakushin ƙasar ba a kai ko'ina ba. Jinin da ke kan yarinyar ba nata ba ne.

Mai goyon ta fito daga cikin hatsi da sauran yaran, tana faɗa mini abin da ya faru. Da suka ji ƙugin shanun, ita ta kora masu ƙafa cikin gona. Inna ta kama yarinyar ta hammata ta ja, ƙasa ta ƙi saki. Ta ja har yarinyar ta yi ƙara. Ta shiga tono da hannu, shanun suka iso, sai ta kife a kanta. Bijimi ya taka bayanta, ƙafar amalanke ta bi ta kan hannun. Wani saurayi da ake kora ya faɗo a kanta, masu binsa suka kai masa gora, rabin dukan a kanta ya sauka. Ba ta ɗaga ba sai da wurin ya yi shiru.

Na durƙusa na shiga tono. Ni da lafiyayyun hannuwa biyu, babu saniyar da ke bina, na daɗe ina yi kafin gwiwoyinta su fito. Ƙasar da na koya a danne da diddige ta riƙe ta gam. Na zaro ta, na sa yatsa na kwashe ƙasar bakinta, ta yi tari, ta buɗe ido. Ƙwarzane ɗaya ne a bayan kunnenta.

Ina riƙe da ita uban ya iso a guje, bulala a hannu. Shanunsa na cikin waɗanda suka tsinke, su yake bi. Ya dubi ɗiyarsa cikin jini, ya dubi ramin da zurfinsa.

"Wa ya binne mini ɗiya da ranta?"

Duk garin an san rami na Inna ne, ita aka gani ta fara tona shi. Bai jira amsa ba ya juya kanta. Bulalar ta sauka a kafaɗarta ta naɗo wuyanta, ya ɗaga ya ƙara, ta biyun ta sami karyayyen hannun. A nan ne kawai na ji ta yi ƙara. Ni kuwa ina tsaye, taku biyu, da bakina da harshena. Kalma uku ta isa: ni na sa. Tsoro ya kama ni, tsoron bulalar nan da na ga abin da take wa shanu, na yi shiru. Maza suka zo suka rirriƙe shi. Ya fizge ɗiyarsa daga hannuna ya saɓa ta a kafaɗa ya tafi. Inna ta ɗago ta dube ni.

Kafin magariba jandarma suka iso, suka yi ta jibgar samari da bel suna cusa su a mota, wanda ya yi faɗa da wanda ya zo sayen gishiri. Mu kuma muka ɗauki Inna a kan ƙyauren ƙofa zuwa gidan maɗori. Ya ce a danne ta zai ja hannun. Na matsa in riƙe ƙafafunta.

"Kada wagga ta taɓa ni," ta ce.

Na fita na tsaya a zaure, ina jin ihunta ana ja.

Kwana uku na yi a gida ban je buro ba. Na ce wa mijina zazzaɓi ne. A na huɗu mai goyon ta aiko mini da saƙo ta bakin wata mai zuwa kasuwar Gazawa: yarinyar ta koma ɗaka, turmi ya koma bakin ƙofa, mata sun janye ƴaƴansu, ana cewa tsohuwa ta ruɗe ta binne ɗiyar mutane, kuma gobe mai gari zai zauna a kan maganar. Na so in ƙi zuwa, wallahi na so. Na ce a raina tsohuwa ce, garinsu ne, za su yafe mata. Amma na san in aka tafi a haka, yarinyar nan ta shiga ɗaki ke nan, ita da ɓeraye.

Na iske su a ƙofar gidan mai gari da hantsi, da liman da dattawa, mata daga baya-baya. An kawo Inna an zaunar a tabarma, hannun a ɗaure cikin karan dawa, fuskarta a kumbure, ɓangaren da na mara ya fi. Uban yarinyar na gefe, ya sunkuyar da kai. Mai gari ya tambaye ta ko ita ta haƙa ramin.

"Ni na fara haƙa rami, ranka ya daɗe," ta ce. Ba ta ko kalli inda nake ba.

Na miƙe. Na ce, "Ranka ya daɗe, ramin Inna taƙi guda ne, kuma tana zaune a bayanta. Ni na ce a zurfafa. Ta ƙi, na tsorata ta da buro, na haƙa da hannuna, na danne da ƙafata. Da raminta ne, da hannu ɗaya za ta sure ta su shiga hatsi. Jinin da aka gani a jikin yarinyar na Inna ne, kwanciya ta yi a kanta shanu suka bi ta bayanta. Na zo na mare ta ban tambaya ba. Da aka dake ta a gabana kuma na yi shiru."

Mai amalanken ya tashi a hankali ya tako har gabana. Na ga hannun na zuwa, ban kauce ba. Na tsinci kaina a ƙasa, kunnena na hagu na ƙugi, wani ruwa mai ɗumi na fita daga ciki. Har yau wannan kunnen ba ya ji sosai, in za ka yi mini magana sai ka zagayo dama. Tun da nake, ran nan ne aka fara marina ban rama ba.

Ya wuce ni ya je ya durƙusa gaban Inna, ƙaton mutum, yana kuka kamar yaro, yana cewa ta yafe masa.

"Tashi, ni na yanke taka cibiyar ma," ta ce. "Bulalarka ta warke. Ka kawo mini ɗiyata gobe da safe."

Ya share hawaye. Sannan ya ce zai kawo ta, amma da sharaɗi: a ɗauke rumfar daga gindin gawo, Inna ce kaɗai za ta zaunar da ita, kuma Madam kada ta sake taka garin nan. Mai gari ya dube ni. Na ce na yarda. Me zan ce? Wurin zaman yarinyar ake magana, ba nawa ba.

Da aka watse na rarrafa gaban tabarmar Inna. Na ce, "Inna, don Allah ki gafarce ni."

Ta daɗe tana kallon yatsunta marasa farce.

"Marin na yafe, ɗiyata, zafin rai ne, ni ma ina da shi. Shirun nan ne ban sani ba tukuna. Sai na yi shawara." Ta gyara zaman hannun. "Na ji kin kai abin naki wasu garuruwa. Tashi ki je ki cike ramukanki."

Satin nan duka a hanya na yi shi, mota da moto da amalanke, kunne na zubar ruwa. Rumfa biyar na kai wa dabarar. A kowace na durƙusa gaban masu reno na cike ramin da hannuna, na tona sabo taƙi guda, na zauna a bayan yaron na jingina masa ƙwaurina don su gani. Na faɗa musu wata tsohuwar ungozoma ce ta koya mini, na kuma faɗa musu abin da nawa ya jawo. A wata rumfar wajen Cadakori wata ta ce, to ai wannan yana cin mutum guda. Na ce mata eh, yana ci, haka abin yake.

Gab da girbi motar kasuwa ta bi da mu ta gefen garin, don ruwa ya cinye babbar hanya. Daga taga na hango sabuwar rumfar a bayan masallaci. Inna na kan ƴar kujerarta, hannun ya ɗoru a karkace, tsumagiya a ɗaya hannun. Yarinyar na zaune a gabanta cikin yara, tana juya kai tana bin wani abu da suke jifa. Direban ya san ni, ya tambaya ko zan sauka. Na ce ya wuce.

Damina uku yarinyar ta yi a rumfar nan, mai goyon ce ke aiko mini da labari. Ta koyi riƙe ludayi, ta koyi kiran uwarta. Sau biyu na aika wa Inna da goro da turmin atamfa, da tambaya ɗaya. Goron ta ci, atamfar ta ɗaura, amsar kuwa duka biyun iri ɗaya ce: a ce wa Madam ina nan ina shawara. Da bazarar shekara ta huɗu aka aiko mini Inna ta rasu. Na tambayi ƴar saƙon ko ta bar mini wata magana, ta yi ɗan tunani, ta ce a'a.